Furen da na saya wa ƙanwar Farfesa

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce, muna idar da sallar asuba muka fito daga gidanmu na unguwar Mount Hope a Bronx, ni da maigidana. Gari bai gama wayewa ba, sanyin farkon Nuwamba kuma ya fara shiga ƙashi. Masu ta kirana a waya kuna tambayar inda na shige har ban leƙa taron suna ba, to ga amsarku. Tafiya muka yi. Ba mu fita daga New York ba, amma na dawo da gajiya irin ta wadda ta je Agadas ta dawo a motar kasuwa.

Dalilin tafiyar wani tsoho ne da nake kula da shi. Aikina ke nan a ƙasar nan, kamar yawancin matanmu: in yi wa tsofaffi wanka, in ba su magani, in dafa musu abin da likita ya yarda su ci. Wannan tsohon Farfesa nake ce masa, don kuwa farfesan ne na gaske. Ya haura tamanin, yana zaune shi kaɗai a wani tsohon bene a Grand Concourse tun kafin mutanenmu su cika layin. Turawan da suka yi zamani da shi duk sun watse, shi ya ƙi tashi, ya ce littattafansa ba za su ɗauku ba. Iyayensa daga ƙasar Poland suka zo, shi kuma a nan aka haife shi, ya ƙarar da rayuwarsa wajen rubuta tarihin mutanensu da suka yi ƙaura zuwa Amurka.

Ba tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe ya yi ba. Da ƙuruciyarsa rikoda yake ratayawa ya bi gidajen tsofaffi da ɗakunan taron coci-coci, har garuruwan da ake haƙar kwal, ya zaunar da tsohuwar da ta yi wankau ko tsohon da ya yi dako a tashar jiragen ruwa, ya ce su ba shi labari da yarensu. Ya gaya mini abokan aikinsa a jami'a sun daɗe suna yi masa dariya, wai yana tara hirar masu wanki yana kiranta ilimi. A zamanin ma, in ji shi, ɗan Poland shi ne abin ba'a a Amurka, duk wani labarin wauta a kansa yake ƙarewa, kuma abin ya ci masa rai tun yana yaro. Sai da kansa ya yi fari fat kafin aka fara gayyatarsa ana tafa masa. Kaset ɗin nan kwali-kwali, bara wata jami'a ta aiko mota ta kwashe su. Ya zauna bakin taga yana kallon ana lodi.

Yana da wata ɗabi'a da ta sha ba ni haushi. Ba ki isa ki ba shi labari ba sai ya tare ki da tambaya: “Da idonki kika gani, ko wani ya gaya miki?” Ko cewa na yi ana ruwa a waje sai na sha wannan tambayar. Ni kaina sai da ya tatse ni tas, tun daga unguwarmu a Damagaram har yadda aka yi na auri mutumin Kumasi a Bronx, alhali ni hawan jini na zo auna masa.

To ga abin da ya fitar da mu. Mantuwa ta fara kama Farfesa. Da safe garau yake, har gyara wa masu labarai na talabijin yake yi, amma da la'asar ta kawo jiki sai ya rikice, wata rana har ya tambaye ni ko ni wace ce. 'Yarsa tilo da ke aure a wata jiha mai nisa ta yanke shawarar mayar da shi gidan kula da tsofaffi kusa da ita, ranar Laraba za ta zo ta ɗauke shi. Shi kuma yana da ƙanwa guda a tsibirin Staten Island, uwa ɗaya uba ɗaya, sun fi shekara talatin ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Littafinsa ne ya raba su. Cikin tsofaffin da ya yi hira da su akwai wata 'yar ƙauyen mahaifinsu, ita ta gaya masa cewa kafin uban ya hau jirgi ya baro mata da jaririya a can, da alkawarin zai aika su taho. Bai aika ba, ya zo ya yi sabon aure ya haife su. Farfesa bai yarda ba sai da ya je Poland da ƙafarsa ya ga jaririyar, lokacin ta zama tsohuwa, ga hancin ubansu sak. Ya dawo ya sa labarin a littafi, har da sunan uban. Ƙanwar ta ce ya tona asirin mamaci don a kira shi gwani, ta rufe masa ƙofa, in ya kira waya ta ajiye.

Ba zan ɓoye muku ba, ranar da ya fara ba ni labarin, bayan ƙanwar na bi. Na ce masa a wurinmu, komai laifin uba, in ƙasa ta rufe shi sai a rufa masa asiri. Sai ya ce, “Matar da ya baro ita ma mutum ce. In ban rubuta ta ba, an yar da ita sau biyu.” Duk da haka har yau ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba. Ranar Alhamis ina sa masa safa ya ce, “Ina so in ga ƙanwata tun ina iya gane ta.” Maganar ta tsaya mini a rai. Na kira 'yarsa, ta yi ta jan ƙafa, a ƙarshe ta ce in dai zan riƙe maganinsa in dawo da shi kafin duhu. Maigidana direban tasi ne, ya haƙura da aikin Asabar, wadda kowane direba ya san ita ce ranar samu. Bai haƙura a shiru ba, amma dai ya haƙura.

Muna isa muka tarar da shi ya riga ya shirya. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa taro, ya ɗaura laktaye a karkace, ya ɗora hular bature, yana zaune cikin kekensa na marasa lafiya yana fuskantar ƙofa. Na gyara masa laktayen, muka sauko da shi, maigidana ya ɗauke shi cak ya sa shi a kujerar gaba ya naɗe keken ya tura a but ɗin motar. Grand Concourse da sassafe wani gari ne daban. Babu masu kiɗa, babu motocin da ke tare rabin hanya, sai masu shaguna suna ɗaga ƙofofin ƙarfe da matanmu masu aikin dare suna fitowa daga ramin jirgin ƙasa, kowacce ta naɗe da mayafi a kan rigar sanyi. Na gane biyu, na duƙar da kai don kada gaisuwa ta cinye mana safiya.

Farfesa ya ce sai mun fara biyawa ta Greenpoint a Brooklyn, unguwar da aka haife shi, don akwai wani burodi da ƙanwarsa take so tun tana yarinya. Muka haye gada muka faɗa babbar hanyar da ta ratsa Queens. Hanyar nan kam in an ce a Amurka take sai mutum ya yi gardama, gargada har cikin haƙori. Maigidana ya yi ta mita a kan kuɗin gada, wanda yanzu ba mutum ke karɓa ba, kyamara ce ke ɗaukar lambarka ta cire abinta.

“Da can ko ba komai za ka ga fuskar wanda ya cuce ka,” in ji shi. “Yanzu camera kawai, no good morning, no nothing.”

Na ce ya dubi gabansa.

Greenpoint ta ba ni tausayi a madadin Farfesa. Ya ce da can tun daga bakin ruwa har ƙarshen unguwa ba ka jin Turanci, mahaifinsa a ma'aikatar igiya yake, mahaifiyarsa tana goge ofisoshi da dare. Yanzu dogayen gidajen gilashi sun tsaya a bakin ruwan, samari da 'yan mata suna yawo da karnuka sanye da riguna, kowa da kofin kofi a hannu. Na leƙa allon wani shago na ga kuɗin kofi ɗaya, na ce da kuɗin nan sai in yi miyar kwana biyu. Ga kabewa manya-manya an jera a matakalar gidaje, an fafe musu ido da baki saboda bikin dodannin yara na daren jiya, an bar su suna ruɓewa. Raina ya ɓaci, don miyar taushe kawai nake gani ana wulaƙantawa.

Ya nuna mana gidan da aka haife shi, wani siririn bene mai hawa uku. Ƙasan yanzu shagon gyaran farce ne. Ya ce a tsaya, muka tsaya, ya kafa wa tagar sama ido. Na bar shi da maigidana na gangara neman burodin.

A layin kasuwarsu har yanzu akwai ragowar mutanensu. Shagunan da rubutun da ban iya karantawa ba, tsofaffin mata da ɗankwali ɗaure a haɓa, da na gan su sai na tuna kakata. Shagon nama na wuce shi da sauri, don abin da ke rataye a tagar ba sai an gaya mini na wace dabba ba ne. A gidan burodin na nuna wa matar takardar da Farfesa ya rubuta sunan a kai, ta miƙo mini wani naɗaɗɗen burodi mai baƙin iri a ciki kamar riɗi. Ta so ta haɗa ni da wani soyayyen fanke mai jam na 'ya'yan itace a tsakiya, na tambaye ta da wane mai aka soya, ta yi murmushi ta mayar da shi cikin gilashi.

Da na fito sai na ce a raina, yanzu za mu je biko wurin babbar mace da burodi ɗaya tal? Ni ba a yi mini irin wannan tarbiyyar ba. Kuma na san Turawa da son fure. Sai ga shi gaban kusan kowane shago an jera wasu furanni a tukwanen roba, rawaya da farare, kawunansu cus-cus, ga kyau ga araha, mutane sai ɗiba suke yi. Kusa da su an jera wasu 'yan fitilu na jan gilashi, da kyandir a ciki da murfin ƙarfe a sama. Na ce lallai wannan shi ake yayi a bana. Na zaɓi tukunyar da ta fi kowacce girma, fara sol, na haɗa da fitila guda. Mai shagon, wani dattijo, ya karɓi kuɗin ya ɗan sunkuyar da kai ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Na zaci tsadar kaya yake nufi, na ce babu komai, ko'ina haka ne. Na kai but na ajiye a gefen keke. Farfesa yana can yana kallon tagarsa, bai ga abin da na sayo ba.

Daga nan muka miƙe kudu, muka hau doguwar gadar da ta haɗa Brooklyn da Staten Island. Maigidana ya ce mun yi sa'a, da gobe ce da an rufe ta saboda masu gudun yada ƙanin wani. Daga saman gadar ana hango jiragen ruwa manya da kwantena a tare a bakin teku. Farfesa ya ce ta wannan mashigar duk mutanen da ke cikin kaset ɗinsa suka shigo, har da ubansa. Sai kuma ya juyo ya tambaye ni ko gashinsa ya kwanta. A nan na gane tsoro yake ji, ni ma sai na fara damuwa, don hantsi ya yi, kuma ban san yadda za mu yi ba in ta ƙi buɗe ƙofa har kansa ya fara juyawa.

Gidan ƙanwar ƙaramin gidan katako ne a kan tudu, da matakala a gaba da gunkin Maryama a ɗan lambu. Farfesa ya ce a fito masa da keke ya je ya buga ƙofar da kansa. Nan ni kuma na tashi da ilimina. Na ce masa sam, ba a yin haka. Mai laifi ba ya fara shiga, manya ake turawa gaba su sanyaya zuciya, in an ga fuska ta saki sannan a shigo da shi. Na ce haka muke yi a Damagaram, maigidana ya ce haka ake yi a Zangon Kumasi, mu biyu muka rinjaye shi. Muka faka a ɗan nesa bayan wata babbar mota don kada ta hango shi ta fusata. Na rungumi tukunyar fure, maigidana ya riƙe fitila da hannu biyu, muka hau matakala.

Wata 'yar tsohuwa ta buɗe, gajeriya, ta sa baƙar rigar fita da jaka a hannu, da alama fita za ta yi. Hancin nan dai na gidan, ba tambaya. Muka rusuna kamar yadda ake yi wa babba, muka sassauta murya, muka shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi, yaya jiki, yaya gida. Ita dai idonta na kan furen, daga nan ya koma kan fitilar. Na ga gaisuwa ba ta ci ba, sai na ƙara duƙar da kai na ce ni ce mai kula da yayanta, kuma a kan maganarsa muka zo, sai dai ta yi haƙuri.

Jakar ta faɗi daga hannunta. Ta dafa ƙofa, ta zame ta zauna a kan dandamali, ta ce, “Yaushe?”

Na ce yaushe me?

Ba ta ji ni ba. Kuka ya ƙwace mata, irin kukan tsofaffi mara ƙara, tana faɗin wani suna da ban taɓa jin an kira Farfesa da shi ba, ashe sunansa ne na yarinta. Tana cewa da Turanci tana haɗawa da yarensu, wai kowace shekara sai ta ce bana za ta kira shi, ta ɗauki waya ta ajiye, ga shi ya tafi bai san ta daɗe da hucewa ba. Ni kuwa ina tsaye rungume da tukunya, kaina ya ɗaure. Maigidana ne ya fara ganewa. Ya matso ya ce mini ƙasa-ƙasa, “Hajiya, kamar fa mun kashe mutumin nan.”

Sai daga baya na sami bayani. Furen nan a wurin mutanen Poland furen kabari ne, ba a kai wa mai rai. Fitilar ma a kan kabari ake kunna ta. Ranar ɗaya ga Nuwamba kuma ita ce ranar da suke ziyarar matattunsu, shi ya sa aka cika layin da su, shi ya sa mai shago ya ba ni haƙuri. To ku duba: baƙi biyu a ƙofa, kai a sunkuye, murya ƙasa, da furen kabari da fitilar kabari, suna ta kewaye-kewaye sun ƙi faɗin abin da ya kawo su. Ko ni aka yi wa haka na san abin da zan ɗauka.

Na dire tukunyar na durƙusa gabanta na ce, “Mama, yana nan da ransa. Yana cikin mota, ga shi can.”

Ta ɗago ta dube ni. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Ta miƙe ba tare da ta kama hannun da na miƙa mata ba, ta sauka matakalar nan da saurin da ban zaci tana da shi ba, muka bi ta a baya. Farfesa ya gaji da jira har ya buɗe ƙofar mota ya zuro ƙafa ɗaya waje, burodin na kan cinyarsa. Ta tsaya a kansa ta fara zazzaga masa faɗa da yarensu, tana nuna shi da yatsa, tana nuna mu, tana nuna furen. Ba na jin ko kalma ɗaya amma na san faɗan ƙanwa in na ji shi. Shi kuwa ya cire hula ya riƙe, sai ya ɗaga burodin ya miƙa mata. Ta dubi burodin, ta bugi kafaɗarsa da tafin hannu, sannan ta rungume kansa ta haɗa da ƙirjinta. Na juya baya na shiga gyaran mayafin da babu abin da ya same shi. Maigidana kuma ya tsunduma duba tayar mota.

Da ƙura ta lafa Farfesa ya ga abin da na sayo, ya yi dariya har da tari, sai da na ba shi ruwa. Ƙanwar ba ta yi dariya ba. Ta ce dama maƙabarta za ta, wurin iyayensu, tunda kuma an kawo fure sai a kai shi inda ya dace. Ashe shi rabonsa da kabarin tun kafin littafin ya fito, gudun kada su haɗu. Muka ɗunguma cikin tasi, ita da ni a baya, tukunyar a tsakaninmu.

Maƙabartar ba nisa. Bakin ƙofar cike da motoci, iyalai suna shiga da furanni irin nawa, wanda ya ɗan sanyaya mini rai, don ko ba komai na iya zaɓe. Ni ban saba shiga maƙabarta ba, na tsaya a bakin ƙofa, maigidana ya tura keken. Daga inda nake ina hango jajayen fitilu birjik a tsakanin duwatsu, da rana tsaka suna ci. Abin da ya faru a ciki ba da idona na gani ba, maigidana ne ya gaya mini. Ya ce ta fito da fitilu biyu daga jakarta, ta kunna ɗaya wa uwar, ɗaya wa uban. Saura tawa. Ta juya ta a hannu, sannan ta tambayi yayanta sunan waccan ta Poland, 'yar ubansu. Ya faɗa mata. Ta maimaita sunan, ta kunna fitilar ta ajiye a gefen ta uban. Da suka fito ita ce ke tura keken, maigidana na biye da su da hannu a aljihu.

Muka mayar da su gidanta. Maigidana ya ɗauki Farfesa ya hau da shi matakala, na ba shi maganin rana, ita kuma ta kore mu. Ta ce mu je mu sha iska, ta san shi tun kafin a haife ni. Muka gangara Tompkinsville, inda na san akwai mutanenmu. Muka yi azahar a wani ɗan masallaci da ke bayan shago, sannan muka shiga wurin wata 'yar Ghana mai abinci. Maigidana ya ga wake da shinkafa irin na garinsu da baƙin yaji da taliya da dafaffen ƙwai, nan take ya manta da kuɗin gada. Tun bai haɗiye lomar farko ba ya fara ba mai abincin labarin furen, yana ƙara gishiri, har masu cin abinci a wancan teburin suka juyo. Na ce masa ai da shi aka yi, wa ya riƙe fitilar? 'Yar mai abincin da ke miƙo ruwa ta ji duk abin da muke faɗa da Hausa, ta yi ta dariya, amma da na tambaye ta sunanta da Turanci ta amsa. Na tuna Farfesa ya taɓa gaya mini haka ya riƙa yi wa uwarsa, kuma sai da ta mutu ya koma yana bin tsofaffin wasu da rikoda don ya ji yaren.

La'asar ta kawo jiki muka koma ɗaukarsa. Mun tarar da su a kicin, an cinye rabin burodin, ga shayi ya huce. Ina ganin idonsa na san lokaci ya yi, ya fara waige-waigen nan nasa. Ita ma ta lura, don na ga yadda ta dube ni. Ta karɓi lambar 'yarsa a wurina, ta rako mu har mota, ta ɓalle maɓallan kwat ɗinsa da ya sa a karkace ta sake sa su daidai, ta sumbaci goshinsa. Ni kuma ta riƙe hannuna ta ce in na tashi kai wa wani fure nan gaba in fara kiranta.

Dawowa gosulo ya kama mu tun daga kan gada. Rana ta yi ja a bayan dogayen gine-gine, Farfesa ya yi barci, ni ma na fara gyangyaɗi. Muna shiga Bronx ya farka, ya dubi titi, ya juyo ya dube ni ya ce, “Ina muka je?”

Duk wannan wahala, ko gida ba mu kai ba ta zube. Maigidana ya dube ni ta madubi. Sai na matso na dafa bayan kujerarsa na fara ba shi labarin tun daga asuba: laktayen, tagar gidansu, burodi mai baƙin iri, furen da na saya, kukan da aka yi masa yana zaune a mota da ransa, da fitila ta uku. Ya saurara kamar yadda ya saba sauraron mutane, kai a karkace, ido a lumshe. Da na gama ya buɗe ido ya dube ni.

“Ta yafe mini?”

Na ce, “Ta yafe.”

“Da idonki kika gani, ko wani ya gaya miki?”

Na ce, “Da idona na gani, Farfesa.”

Ya gyaɗa kai ya ce to shi ke nan, ya gyara zaman hularsa.

Mun shigar da shi gida ana kiran magariba a wayar maigidana. Na ba shi abinci da magani, ma'aikaciyar da ke kula da shi da dare ta zo ta karɓe ni, muka ƙarasa Mount Hope ƙafafuna kamar ba nawa ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. In kin shiga layin wasu kika ga kowa na sayen abu, ki tambaya kafin ki saya. In kina da tsohuwa a gida, ki kunna wayarki ki sa ta ta yi magana tun tana iyawa, don yaranmu ma da Turanci suke amsa mana. In kuma akwai wanda kika daɗe da hucewa a kansa, kada ki jira sai baƙi sun tsaya miki a ƙofa da fure.

Laraba 'yarsa ta zo ta tafi da shi. Kafin nan, kowace yamma in kansa ya fara juyawa sai ya tambaye ni ko ƙanwarsa na fushi da shi har yanzu. Sai in ja kujera in sake ba shi labarin daga farko, ya yi mini tambayar nan tasa, in ba shi amsar da na ba shi a mota.